Bashin Da Yaya Ya Ci A Amurka Saboda Albasar Baba

 Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba wani abu ba ne illa hidimar kasuwa, duk wanda ya san lokacin saukar sabuwar albasa ya san ba a samun sukuni. Yau dai na ce bari in zauna in ba ku wani labari da na daɗe ina juya shi a raina, in ce in rubuta, in kuma ce a'a, domin magana ce ta cikin gida. Sai da na nemi izinin mahaifinmu da na Yayana tukuna. Baba ya ce in rubuta, ko Allah zai sa wani ya amfana, amma kada in kama sunan kowa. Saboda haka ku yi haƙuri, ba za ku ga suna ba.

Kamar yadda da yawanku kuka sani, ni haifaffen Badun ne. Mahaifinmu ya sauko Kurmi tun yana saurayi, asalinsa mutumin wani ƙauye ne kusa da Kura a jihar Kano, kuma sana'arsa ita ce albasa. Ana ɗoro masa kaya daga Aliero da sauran wurare, ya sauke a kasuwar Shasha, ya sayar wa mata 'yan sari. Ni kuwa tun da na gama sakandare ban ci gaba ba, na zama mai riƙe masa littafi. Duk buhun da ya shigo da wanda ya fita, da wanda ya ɗauki kaya bai biya ba, ni nake rubutawa.

Babban Yayanmu kuma yana Amurka. Ya ci cacar biza ya tafi a shekarar 2013, dab da a cire Najeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga. Yana zaune a unguwar Bronx da ke birnin Niyok, inda akwai Hausawa da yawa, na Gana da na Nijar da namu. Tuƙin tasi yake yi a wancan lokaci. Mu dai a nan abin da muka sani shi ne Yaya yana ƙasar dala. In salla ta zo ya aiko, in wani ya kwanta asibiti ya aiko, kuma ban taɓa jin wani a gidanmu ya tambaye shi yadda yake samu ba, har da ni.

A watan Fabrairu na 2021 rikicin Shasha ya auku. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, waɗanda suke Badun sun gani da idonsu, na nesa kuma sun ji a rediyo. An yi asarar rayuka, an ƙona rumfuna da gidaje, na Hausawa da na Yarbawa. Mu Allah ya kuɓutar da mu ta hannun wata maƙwabciyarmu Bayarbiya da ta ɓoye Inna da ƙannena a ɗakinta, Allah ya saka mata da alheri. Amma kayan Baba ko buhu ɗaya bai fita ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne fiye da rabin kayan ba nasa ba ne, na amana ne, mutanen Arewa suka ɗoro masa a kan in ya sayar ya biya.

Cikin mako uku Yaya ya aiko da dala 5,000, kashi biyu. A lokacin dala tana wajen naira 480 a hannun 'yan canjin Sabo, wato kuɗin ya kama kusan naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Da su Baba ya sallami masu kaya, bayan dattawan kasuwa sun zauna sun raba asarar, ya kuma sami ɗan abin da ya sake tayar da jari. Na tuna ranar Baba ya ɗaga hannu yana sa wa Yaya albarka har muryarsa tana rawa. Babu wanda ya tuna cewa shekarar da ta gabata ita ce shekarar korona, lokacin da titunan Niyok suka zama wayam, masu tasi suka zauna a gida.

Shekara uku bayan haka, wani dare cikin watan Afrilu na 2024, wajen ƙarfe biyu, wayata ta yi ƙara. Tsakaninmu da su awa biyar ne a wannan lokaci na shekara, kuma Yaya ya san haka, ba ya kira da tsakar dare. Na fita tsakar gida na ɗauka.

Ya ce, "Auta, kana kusa da Baba?"

Na ce, "A'a Yaya, ya yi barci. Lafiya?"

Ya ce, "Zan turo maka wasu takardu ta WhatsApp. Ka karanta a tsanake, kai ka fi ni haƙurin karatu. Amma don Allah kada kowa ya ji."

Takardu ne guda shida. Ya dawo daga aiki ya tarar an manna su a ƙofar ɗakinsa, bayan kwana biyu kuma wasu irinsu suka zo ta gidan waya. Sammaci ne daga kotu. Wani kamfani da Yaya bai taɓa jin sunansa ba ya kai shi ƙara, yana neman dala 6,400. A wannan daren ne ya faɗa mini gaskiya. Kuɗin da ya aiko a 2021 ba ajiyarsa ba ce, ajiyar ta ƙare tun lokacin korona. A katin bashi ya ciro su.

Bari in ɗan yi bayanin wannan kati yadda na fahimce shi, domin da yawanmu katin cirar kuɗi kawai muka sani, wanda in babu komai a asusunka na'ura za ta ce maka babu. Shi katin bashi, banki ne yake ba ka iyaka, ya ce ka kashe har zuwa kaza. In ka yi sayayya ka biya duka a ƙarshen wata, babu ruwa. In ka bar saura, sai ruwa ya hau kai, kuma a shekarun nan ruwan irin wannan kati a Amurka yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. In kuwa tsabar kuɗi ka ciro da shi, abin ya fi muni: akwai ladan cirewa, ruwan ya fi na sayayya yawa, kuma daga ranar da ka ciro yake fara hawa. Na Yaya ya haura kashi 25. Sannan duk wata za su rubuto maka mafi ƙarancin abin da za ka biya don kada a ce ka saɓa. Yaya ya riƙa biyan wajen dala 160 duk wata, yana ganin yana rage bashi, alhali kusan 120 daga ciki ruwa ne. Wata ashirin da biyu yana haka. A tsakani motarsa ta lalace, ya ƙara dala 1,000 a kan katin. Ƙarshen 2022 ciwon baya ya kwantar da shi, ya bar tuƙi, daga baya ya sami aikin gadi wanda albashinsa da ƙyar yake biyan haya da abinci. Daga Janairun 2023 bai sake biya ba.

A ƙa'idarsu in aka yi kamar wata shida ba a biya ba, banki yakan rubuta bashin a cikin asara. Ni da na ji haka sai na ce to ai shi ke nan, an yafe. Ashe ba haka ba ne. Sayar da shi suke yi. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su sayi basussukan dubban mutane a dunƙule, kamar yadda ake sayen ragowar kaya a ƙarshen kasuwa, sannan su bi mutum su ce ya biya duka. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta fitar da wani bincike a 2013 wanda ya nuna cewa a tsakaice kusan santi 4 suke biya a kan kowace dala ta bashi. Tirƙashi! Ni ɗan kasuwa ne, na san sari, amma ban taɓa jin an sari bashi ba. A wurinmu bashi yana da fuska. Ka san wanda ya ba ka, ya san mahaifinka, in ta ɓaci akwai dattawan da za su zaunar da ku.

To a nan ne na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ce masa, "Yaya, ka share su kawai. Ai ba su ne suka ba ka kuɗin ba. Ka canza lambar waya, in ta kama ka canza ɗaki. Za su gaji." Ya ce haka wasu abokansa ma suka ce. Sai da ya yi kwana tara takardun suna ƙarƙashin katifa, kuma a kwanakin nan ba ya iya barci. Babban tsoronsa shi ne kada a kama shi a ɗaure, ko abin ya taɓa takardunsa na zama.

Allah da ikonsa, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya ba wani dattijo labari, mutumin zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin a can. Dattijon ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawara? Ni na bi ta, na ga ƙarshenta." Ashe shi ma an taɓa kai shi irin wannan ƙara ya yi biris. Bai sake jin komai ba sai ranar da ya je cirar kuɗin haya ya tarar an rufe asusunsa. An yi shari'ar a bayan idonsa, tun da bai zo ba alƙali ya ba masu ƙara duk abin da suka nema. Ya ce wa Yaya, "Su fatansu ke nan, kada ka zo." Daga baya na ga wani rahoto da cibiyar Pew ta fitar a 2020, wanda ya ce a wuraren da aka bincika sama da kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki haka suke ƙarewa, da hukunci a bayan ido, kuma waɗanda ake ƙara da suke da lauya ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Dattijon ne ya raka shi wurin wasu lauyoyi 'yan sa-kai da suke ba marasa hali shawara kyauta a kan shari'ar bashi. Wata lauya ta zauna da shi kusan awa guda. Da ya fito ya kira ni, na ɗauko littafin Baba na juya bayansa ina rubuta abin da yake faɗa. Ga abin da na rubuta, kuma ku lura wannan dokar jihar Niyok ce kamar yadda take a 2024, kowace jiha a Amurka da tata.

Na farko, ba a ɗaure mutum saboda ya kasa biyan bashin kati. Shari'ar kuɗi ce tsakanin mutum da mutum, ba ta laifi ba. Akwai ma dokar tarayya tun 1977 da ta hana masu karɓar bashi yi wa mutum barazanar kamu, ko zagi, ko kiransa kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Na biyu, sammaci yana da wa'adi: kwana 20 in hannu da hannu aka ba ka, kwana 30 in ta wata hanya ce kamar yadda aka yi wa Yaya. Cikin wa'adin dole ka je ofishin magatakardan kotu ka ba da amsa, kuma in Turanci yana ba ka wahala kana da haƙƙin a ba ka tafinta kyauta. Na uku, in ka bari aka yanke hukunci a kanka, za su iya riƙe kuɗin asusunka, ban da wani kaso da doka ta kare, za su iya yankar har kashi 10 cikin 100 na albashinka, kuma hukuncin yana nan da ransa har shekara 20. Na huɗu, tun daga Afrilun 2022 jihar ta rage wa'adin kai ƙarar irin wannan bashi daga shekara shida zuwa uku. Wannan bai taimaki Yaya ba, domin nasa bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da tsayawa ba. Na biyar, wanda ya sayi bashi sai ya nuna wa kotu takardun da ke tabbatar da cewa bashin ya taso daga bankin farko har ya iso hannunsa, da kuma yadda aka yi lissafin.

Ta kuma gargaɗe shi game da kamfanonin da suke talla a rediyo da intanet cewa za su sasanta maka bashi. Ta ce da yawa sukan ce ka daina biya ka riƙa tara kuɗi a wurinsu, su ci ladansu, kuma hakan ba ya hana a kai ka kotu. Tun 2010 aka hana masu tallar wannan aiki ta waya karɓar lada kafin su sasanta komai. Ta ce abin da za su yi maka, kai ma za ka iya yi da bakinka.

Yaya ya ba da amsarsa saura kwana takwas wa'adi ya cika. Bai yi ƙarya ba, bai ce bai taɓa riƙe kati ba. Ya ce bai san wannan kamfani ba, bai kuma yarda da lissafin ba sai an nuna masa. Aka sa musu rana a watan Yuni.

Saura magana ɗaya, wato Baba. Lauyar ta gaya wa Yaya cewa masu sayen bashi sun fi sassautowa in suka ga kuɗi a dunƙule, shi kuwa ba shi da ko dala 300 a ajiye. Na ce masa, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka bar ni in faɗa masa." Ya yi shiru, can ya ce, "To, amma ka bari sai ya ci abinci."

Bayan sallar isha'i na sami Baba a kan tabarmarsa yana sauraron rediyo. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya kashe rediyon, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Wato shekara uku ina juya kuɗin ruwa ban sani ba, yaron nan kuma yana can yana ɗauke da shi shi kaɗai." Sai ya ce, "Kira mini yayanka."

Na kira, na miƙa masa. Ina jin muryar Yaya yana cewa, "Baba ka yafe mini." Baba ya ce, "Ni zan nemi ka yafe mini, da ban tambaye ka ba. Amma ka saurara. Bashin nan nawa ne, albasata aka biya da shi. Nawa suka ce?" Yaya ya faɗa. Baba ya ce, "Za a biya su duka."

Mai karatu, a nan fa aka yi ta. Na ɗauko biro na buga masa lissafi. Tun da gwamnati ta saki naira a Yunin 2023 dala ta yi ta hawa, a lokacin da muke wannan magana tana wajen 1,500. Dala 6,400 ta kama naira miliyan tara da dubu ɗari shida. Ko an haɗa jarin Baba kaf da abin da yake bin mutane, ba za su kai ba. Na ce masa lauya ta ce ana iya sasantawa a kan rabi ko kusa da haka. Baba ya ce shi bai gane ba, yaya mutum zai ci bashi ya ce zai biya rabi? Ya ce shekara arba'in yana Kurmi ba a taɓa cewa ya cinye wa wani sisi ba, ba zai fara da Bature ba.

Kwana uku muna wannan ja-in-ja, har dai muka je wurin malaminsa a Sabo. Malam ya saurare mu, ya ce in karanto masa lissafin dalla-dalla. Na ce abin da Yaya ya karɓa a hannu dala 6,000 ne, har da gyaran mota. Abin da ya riga ya biya cikin wata ashirin da biyu kusan 3,500 ne. Malam ya ce to uwar kuɗi wajibi ne a mayar, wannan babu makawa, kuma ya kamata Yaya ya yi istigfari a kan shiga mu'amalar ruwa. Amma in mai bin bashi da kansa ya yarda ya yi rangwame aka yi sulhu, babu cin haƙƙi a ciki. Ya ce wa Baba, "Alhaji, lokacin gobarar nan ba haka masu kaya suka yi maka ba?" Baba ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun daren nan. Malam ya ƙara da cewa duk abin da aka daidaita a rubuta shi, ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Ranar shari'a Yaya ya ce abin ya ba shi mamaki. Ya za ci zai tsaya gaban alƙali a yi ta muhawara. Ashe yawancin maganar a baranda ake yin ta. Lauyan kamfanin yana riƙe da tarin fayil, na mutane da yawa, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba kati a asibiti. Da ya zo kan Yaya ya yi masa fara'a, ya ce zai taimake shi, ya biya 5,500 a hankali, ga takarda ya sa hannu. An riga an ja wa Yaya kunne cewa wannan mutumin lauyan masu ƙara ne, ba ma'aikacin kotu ba, kuma kada ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Ya ce yana son ganin takardun sayen bashin, yana kuma neman a ɗaga. Aka ɗaga zuwa ƙarshen Yuli.

A zama na biyu sun kawo wasu takardu. Yaya ya nuna musu takardar albashinsa da ta haya, ya ce su duba da kansu abin da ya rage. Ya taya 2,500. Lauyan ya ce 4,500. Yaya ya ce mini a nan ne jinin Baba ya motsa, ya ga ai ciniki ne kamar na Shasha, har ya miƙe kamar zai koma cikin kotu ya jira alƙali. Aka dai tsaya a kan 3,400: dala 2,000 cikin kwana talatin, sauran 1,400 kuma 200 duk wata har wata bakwai.

Kafin ya sa hannu ya kai wa 'yan sa-kan nan takardar suka duba. Sun sa an gyara abu biyu. An rubuta ƙarara cewa in ya gama biya an kashe ƙarar har abada, ba za a sake tayar da ita ba, kuma babu sauran bashi. Sannan akwai wani sharaɗi da ya ce in ya makara ko sau ɗaya za a yanke masa hukuncin 6,400 ɗin nan duka, sai aka ƙara cewa dole su rubuto masa tukuna su ba shi kwana goma ya cika. Sun kuma ce kada ya ba kamfanin izinin cirar kuɗi daga asusunsa kai tsaye, ya riƙa biya da kansa yana ajiye rasit. Alƙali ya tambaye shi ko ya fahimci abin da ya sa wa hannu, ya ce ya fahimta.

Dala 2,000 ɗin nan daga gida ta fito. Baba ya sa aka sayar da shanunsa biyu da ke kiwo a ƙauye, Inna ta kawo kwasar adashinta ba tare da kowa ya tambaye ta ba, ni kuma na zuba abin da nake tarawa na sayen babur. Sai da muka haɗa sama da naira miliyan uku. Ku duba fa, dala 5,000 ta zo mana a miliyan biyu da ɗari huɗu, ga shi mun biya sama da miliyan uku don mu mayar da 2,000 kacal. Yaya ya ci gaba da biyan 200 ɗinsa, ya gama a watan Maris na 2025, aka ba shi takardar shaida. In ka haɗa duka, ya biya dala 6,900 a kan 6,000 da ya karɓa, don haka hankalin Baba ya kwanta cewa uwar kuɗi ta koma har da ƙari.

Kada in sa ku za ci an fita fes. Lauyar ta gaya masa cewa a Amurka in aka yafe maka bashin da ya kai dala 600, ana iya aiko maka da wata takarda mai lamba 1099-C, hukumar haraji ta ɗauki abin da aka yafe kamar kuɗin shiga ne, sai dai in ka nuna basussukanka sun fi dukiyarka yawa a lokacin. Sannan tabon yana zama a tarihin bashinsa har shekara bakwai, kuma a can ko ɗaki za ka kama haya sukan duba wannan tarihi. Auren da ya yi niyya ma sai da aka ɗaga.

Abin da ya sa na rubuta wannan dogon labari abu biyu ne. Na farko ga 'yan uwanmu da ke can: in takardar kotu ta zo, kada ka bi shawarar irinmu da ba mu san dawan garin ba. Ka duba wa'adi, ka je ka amsa, ka nemi masu ba da shawara kyauta, komai kuma a rubuce. Na biyu gare mu da ke gida, ko a Arewa muke ko a Kurmi. Mu ma nan baƙi ne, mun san yadda mutanen ƙauye suke ɗauka duk wanda ke Badun ko Ikko kuɗi yake shara, mun san yadda mutum yake jin nauyin cewa babu. Amma sai ga shi mun yi wa Yaya abin da ake yi mana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da wanda yake turo hoto cikin rigar sanyi a gaban dogon bene. Yanzu in Yaya ya ce zai aiko da wani abu, Inna takan ce in tambaye shi ko ya biya haya tukuna.

Bayan an gama komai Baba ya sa na buɗe sabon shafi a littafin kasuwa. Ya ce in rubuta dala 4,900, wato abin da Yaya ya biya daga aljihunsa, a matsayin bashin da yake bin Baba, kuma in rubuta da dala, kada in juya shi zuwa naira. Yaya ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ma ce dubu ɗaya daga ciki ai gyaran motarsa ne. Baba ya ce ya ji, Allah ya yi masa albarka, amma kada in soke. Duk ƙarshen kaka yakan sa a rage wani abu. Ya zuwa makon jiya saura 4,150.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam. Naku, ɗan mai albasa, daga Badun.